Na gwada mai kawo atamfa har gida a Jos, Hajiya kuma ta tuno da Iya dillaliya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka gama bikin 'yar yayata ake ta tambayata wai ina na samo atamfar da na saka ranar kamu, kuma da gaske ne har gida aka kawo min na zaɓa, toh yau dai Allah Ya yi, sanyin Jos ya zaunar da ni a ɗaki cikin bargo, bari in baje muku komai. Amma tun yanzu in faɗa, ba zan kama sunan yarinyar ko na shafinta ba, don ba talla ta biya ni ba, kuma akwai inda zan yaba akwai inda zan ɗan taɓa ta, bana so a ce na ɓata wa 'yar mutane sana'a.

Ni dama na riga na yi sallama da sayen kayan sawa ta waya. Bara na ga wani leshi a Instagram, ruwan goro mai duhu, a hoto kaman ka lasa, na tura kuɗi har da na mota, aka ce in je tasha a Bauchi Road in karɓa wurin direba, na je na yi tsayuwar awa guda cikin ƙura da hayaƙi, na dawo gida na buɗe leda sai ga wani abu kalar lemo, shara-shara kaman gidan sauro. Na yi wa matar magana tace wai hasken kyamara ne, kuma su ba sa mayar da kuɗi, da na matsa sai kawai ta yi bulokin ɗina. Leshin yana nan a ƙasan akwati har yau, ko kyauta kunyar bayar da shi nake.

Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wannan yarinyar ban ɗauke ta da muhimmanci ba, sai da tace min ai ita ba sai kin tura ko sisi ba, kayan take kawowa ki gani da idonki. Tsarin nata haka yake: kina ganin kaya a sitatus ɗinta na WhatsApp, ki gaya mata irin kalar da kike so da iya ƙarfin aljihunki, sai ta ɗebo turmi takwas zuwa goma ta zuba a jakar Ghana mas go, ƙaninta ya ɗauko ta a Napep har ƙofar gidanki. Ki zaɓa, ki biya a take. Kuɗin zuwa 1,500 ne in kina nan ɓangarenmu, su Rikkos, Anguwan Rogo, Nassarawa, Gangare, in kuma Rayfield ne ko Bukuru ya fi haka, in kin ɗauki turmi uku ta yafe miki kuɗin zuwan. Da na ji haka sai nace kai, wannan ai dillaliya ce ta dawo da waya a hannu.

Mun yi da ita ƙarfe 11 na safe ranar Asabar. Wallahi sai da muka yi azahar, muka ci abinci, na fara gyangyaɗi, wajen uku saura na ji Napep ya tsaya. Wai go-silo ne a Terminus, wajen babbar kasuwa, kuma wata kwastoma a Farin Gada ta riƙe ta tana ta juya kaya ba ta sayi komai ba. Na yarda da rabin maganar. Amma ko kira ɗaya ba ta yi ta ce Anti zan makara ba, ni ce ma na kira sau biyu, wannan kam ban ji daɗinshi ba, don na fasa zuwa gaisuwar rasuwa saboda ita.

Toh ta shigo da sallama, ta cire takalmi a bakin ƙofa, yarinya ce ba za ta wuce 24 ba, ta ga Hajiya, mahaifiyata kenan, wadda tun rasuwar Baba take wurina, ta durƙusa har ƙasa tace Mama ina wuni. Nan take ta ci maki ɗaya a wurina, don yaran yanzu a tsaye suke jefo maka gaisuwa. Hajiya tace lafiya lau 'yan mata, 'yar gidan waye, a wace unguwa? Haka Hajiya take, ba ta ciniki da mutum sai ta san daga ina ya fito. Ƙanin nata kuma ya zauna a waje cikin Napep bai shigo ba.

Aka shimfiɗa tabarma aka zazzage jaka. Gaskiya kaya sun yi kyau, kuma abin da ta sa a sitatus shi ne abin da ya zo, babu wani hasken kyamara. Ni ina ta kallon zane da kala, Hajiya kuwa ko kallon zanen ba ta yi ba. Ta ja turmi ɗaya ta warware bakinshi, ta juya bayan ta duba ko rinin ya ratsa har ciki, don ita a wurinta atamfar kirki gabanta da bayanta kusan ɗaya ne, ta kai hanci ta shinshina, ta dunƙule shi a hannu ta matse ta saki ta ga yadda zai koma, sannan tace min ke ɗebo min ruwa a kofi da farin hankici. Yarinyar nan idonta ya fito, tace Mama don Allah kar a jiƙa, in ba ku ɗauka ba wata ba za ta karɓa ba. Hajiya ta ɗago ta kalle ta ta saman tabarau tace, ke 'yar nan, wadda na saba saye a hannunta da kanta take miƙo min ruwan. Ta tsoma ɗan yatsa ta jiƙa can ƙarshen gefe inda tela zai yanke ya yar, ta goga a hankicin. Biyu ba su bar komai ba. Na ukun ya bar ɗan shuɗi-shuɗi, Hajiya ta ture shi gefe da ƙafa tace wannan zai zuba. Shi ne kuma wanda ya fi burge ni, kuma na saya duk da haka, za mu zo wurin.

Wannan maganar ta Hajiya ce ta ɗauke ni ta kai ni Gangare, gidan da muka taso, wajajen 1990 zuwa sama. Lokacin Hajiya tana kulle, kasuwa ba ta san hanyarta ba sai dai labari, amma kasuwa ce take zuwa ta same ta har tsakar gida. Akwai Iya dillaliya, mu yara ba mu taɓa sanin sunanta na yanka ba, Iya kawai. Gajeriyar tsohuwa, baki ja da goro, ƙulli a kai wanda ya kusa girmanta, bayan la'asar take shigowa ta ce salamu alaikum masu gida, kuna ciki ko kun yi ƙaura, ta sauke ƙullin ta zauna a kan turmin daka da aka kifa tace a ba ta ruwa tukunna kafin a yi maganar duniya. Sai ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya har da akuya, sannan ta kwance ƙullin. Mu kuma mun zagaye ta kaman ƙudaje.

A cikin ƙullin nan babu abin da babu. Sabuwar atamfa 'yar Kaduna, wani lokaci 'yar Holan guda ɗaya da take ɓoyewa a can ƙasa sai ta ga mai kuɗi, ɗankwali, sarƙa da 'yan kunne, awarwaro, kwanon samira, langa, wani sa'in har tangaran a naɗe cikin tsumma. Rabin kayan ba nata ba ne. Na matan unguwa ne da buƙata ta taso musu, yaro ba lafiya ko maigida ya shiga wani hali, sai mace ta ciro zaninta mai kyau daga ƙasan akwati ta ba Iya a ɓoye, Iya ta kai shi can wata unguwa inda ba za a gane shi ba, Dilimi ko Anguwan Rogo, ta sayar ta cire la'adarta ta kawo sauran. Kuma ko za ki yanka ta ba za ta gaya miki zanin waye ba. In kika matsa tace na wata baiwar Allah ce, ke dai taya.

Babban abin shi ne bashi. Iya ba ta iya rubutu ba, ko boko ko ajami, amma ta san abin da take bin kowace mace a unguwanni huɗu ko biyar har kwabo. Hajiya tana yin alawar madara da ƙuli-ƙuli muna kai talla, duk zuwan Iya sai ta kwance bakin zani ta ba ta abin da ya samu, yau naira biyar, wani satin babu, in ta kwashi adashi ta ba ta da yawa. Da haka aka haɗa kayan ɗakin yayata kaf, kwano bayan kwano, shekara kusan shida ana turawa ƙarƙashin gado, Baba bai ma san adadinsu ba sai ranar jere. Babu takarda, babu shaida, ba a taɓa jin kansu ba sai sau ɗaya a kan wata langa, shi ma Iya ce ta dawo washegari tace uwar gida ke ce da gaskiya, na haɗa ki da matar gidan mai goro.

Kar kuma in mayar da ita waliyyiya. Iya akwai tsada, abin da ta ɗauko naira ashirin sai ta ce talatin da biyar ba ko ƙifta ido, ta san ba ki da hanyar zuwa ki tambaya. Kuma bakinta, in ban da sirrin kaya, bai riƙe komai. Ita ce rediyon unguwa, wa zai ƙara aure, wa ta yi yaji, 'yar wa aka kawo wa kuɗin gaisuwa. Ta haɗa aure da yawa, Hajiya da kanta tana cewa akwai guda biyu da bakin Iya ne ya kashe su. Allah Ya jiƙanta dai, ta rasu tun kafin aurena.

Sai Baba mai koli. Shi namiji ne ba ya shiga, iyakarsa zaure, kaman yadda ƙanin yarinyar nan ya tsaya a Napep. Keke gare shi Raleigh, da akwatin katako mai murfin gilashi a ɗaure a baya, da hon na roba, fom fom, tun daga kan kwana muke ji mu zubar da duk abin da muke yi. A akwatin akwai allura da zare, madubi mai zagaye, kwalli, jan baki, hoda, reza, mataji, tsinken kitso, ribbon, bulun wanki, Robb, Bintu Sudan a 'yar kwalba, turare ɗan goma, da balan-balan. Ni ce 'yar aike. Zai ciro madubi ya goge shi da hannun riga ya ba ni in kai ciki, Hajiya ta duba fuskarta ta juya bayan tace je ki ce nawa. In fito, yace ki ce wa uwar gida naira huɗu. In koma, tace ki ce masa naira biyu. In fito, ya girgiza kai yace albarka, ki ce mata ko ni ba a ba ni haka ba. In koma, Hajiya tace toh mayar masa da abinsa, amma ba ta sake shi daga hannunta ba fa. Haka zan yi ta safa da marwa tsakanin zaure da tsakar gida sau biyar sau shida, su biyun ba su taɓa ganin fuskar juna ba amma kowa ya san halin kowa, daga ƙarshe a tsaya a biyu da sule biyar, yace kawo Allah Ya sa albarka, ni kuma ya ba ni balan-balan ɗaya ladan zirga-zirga. Lokacin da aka mayar da sule biyar da naira ɗaya suka zama ƙarfe a 1991, a wani gwangwanin madara yake zuba su, ina jin ƙararsu har yanzu.

Sauran kuwa ba sa ƙirguwa. Matan Yarbawa masu ɗaukar robobi da bokitai a kai, ki ba su tsofaffin kaya su ba ki baho. 'Yan Fulani da nono da man shanu da safe. Mai kalanzir, mai gyaran risho, mai facin bokiti, mai wasa wuƙa, tela mai keken ɗinki a kafaɗa yana kaɗa almakashi. Da wata mata Birom mai kawo mana kabeji da karas da dankalin turawa, wani lokaci da acca, Hajiya na ce mata ƙawa, ita ma tana ce mata ƙawa, in ta gama zagayenta a gidanmu take ajiye tire ta huta, da sallah a ɗibar mata nama, da Kirsimeti ta kawo mana shinkafa ɗanya da kaza mai rai don ta san ba za mu ci yankansu ba.

Mutane na cewa waya ce ta kashe wannan sana'ar. A wani garin wataƙila, amma duk ɗan Jos ya san namu ya wuce haka. GSM dai ta shigo a 2001, a shekarar ne kuma ranar 7 ga Satumba gari ya rikice, daga nan ƙawar Hajiya ba ta sake shigowa Gangare ba, ba don ta yi mana komai ba ko mun yi mata, hanya ce kawai ta daina biyuwa. Sai ga gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002. Baba mai koli ashe shi ma bashi yake ɗauko kayan a wurin wani mai shago a cikin kasuwar, ya sayar ya kai kuɗi ya sake ɗauka, da shagon ya ƙone sai igiyar ta tsinke tun daga sama, mai shago ba shi da abin bayarwa, Baba ba shi da jari, muka ji an ce ya koma garinsu. Abin da ya rage 2008 da 2010 suka ƙarasa, unguwanni suka rabu, kowa ya sa get ya sa kwaɗo, baƙuwar fuska da ƙulli a kai ta zama abin tambaya. Ga masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, atamfar Chana ta cika gari, ga mata yanzu muna fita aiki muna shiga kasuwa da ƙafarmu. Har yau in na bi ta Terminus na ga inda kasuwar ta ƙone sai in tuna akwatin gilashin nan.

Toh mu dawo kan yarinyarmu, na yi nisa. Maganar farashi. Kafin ta zo na riga na leƙa Terminus na tambayi irin atamfar, an ce min 18,000, ita kuma tace 20,500. Hajiya ta gyara zama tace sha biyar. Yarinyar ta yi dariya tace Mama ai farashi ɗaya ne, yana nan a rubuce a sitatus. Hajiya ta juyo ta kalle ni tace wai ba ta iya cewa albarka ba ne? Wallahi dariya ta kusa kashe ni. Ita Hajiya ba ragin ne ya dame ta ba, ja-in-jar take so, a taya a ce albarka a ƙara a rage, a wurinta in ba a yi haka ba kaman an ci tuwo ba miya ne. Da ƙyar da siɗin goshi aka cire mana 500 a kowane turmi, shi ma tace saboda Mama ne. In kin lissafa kuɗin Napep ɗinki zuwa da dawowa, da turereniya, da rabin yini da za ki ɓatar, da tsoron masu yankan jaka, bambancin dubu biyu bai dame ni ba. Amma wadda ke ƙirga kowace naira gara ta daure ta shiga kasuwa, gaskiya kenan.

Bashi kuwa babu shi sam. Na gwada ta da gangan nace in ba ki rabi yanzu rabi ƙarshen wata, tace Anti ki yi haƙuri, da tana bayarwa, mutum uku suka cinye mata kuɗi suka yi bulokin ɗinta, ɗaya ma har ta ga hoton matar a wurin biki sanye da kayan. Kuma ita ma a Kantin Kwari a Kano kuɗi hannu take sarowa, babu mai ɗaga mata ƙafa, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya ninka ya sake ninkawa. Abin da take yi shi ne ki ba da rabi ta ajiye miki kayan sati biyu, in kin cika ta kawo. Ban ga laifinta ba. Iya ta san gidanmu, ta san kakata, ta san ba inda za mu gudu, wannan kuwa lambar waya kawai ta sani, lambar da za a iya cire layin a jefar a kwata.

Na ɗauki uku, har da wanda Hajiya ta ture da ƙafa. Na yi taransifa, kuɗi ya fita a wurina, ita kuma alat ya ƙi shigowa, netwok ya tsaya cak. Na nuna mata rasit tace Anti ba wai ban yarda da ke ba ne amma an taɓa yi mata na bogi, sai ta ga alat. Raina ya ɗan sosu, a cikin gidana, gaban uwata, amma na haɗiye. Muka zauna jiran alat kusan minti arba'in. Da farko kanta na cikin waya tana ta amsa kwastomomi, eh Anti akwai, a'a Anti ya ƙare, ko kallonmu ba ta yi. Hajiya ta tashi da kanta ta zubo mata faten dankali tace ajiye wayar nan ki ci abinci, a kai wa yaron waje ma. Ta ajiye. Tana ci Hajiya na yi mata tambayoyi, ashe ta gama jami'a ta yi bautar ƙasa ba aiki, da kuɗin alawi ta fara da turmi biyar, mahaifinsu ya rasu, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta biyu. Hajiya ta ba ta labarin Iya tun daga farko, yarinyar ta saki baki tana ji, tace Mama ba ta rubutawa kuma ba ta mantawa? Ni da littafi da waya ma ina rikicewa. Da alat ɗin ya shigo sai da ta ƙara kusan minti goma kafin ta tashi. Ni a wurina wannan zaman shi ne ya fi komai daɗi a cinikin gaba ɗaya, kuma netwok ne ya jawo shi, ba ya cikin tsarinta.

Bayan kwana biyu tela ya kira ni, wai a tsakiyar turmi ɗaya akwai wurin da zanen ya yi tsalle, fari ya ratsa kusan tsawon hannu. Laifina ne da ban warware yadi shidan duka ba, bakin kawai muka duba. Gabana ya faɗi nace shikenan an sake yi min irin ta leshi. Na tura mata hoto, ko gardama ba ta yi ba, tace tunda ba a yanka ba za ta canza. Sai dai ta ɗauki kwana huɗu, biki na matsowa tela na min waya, kuma da ta zo sai da ta karɓi 1,000 na Napep, wanda a ganina bai kamata ba tunda aibin daga kayanta ne. Na biya ina gunaguni. Amma ta canza ɗin, kuma wanda ta kawo lafiyayye ne, shi na saka ranar kamu.

Wanki biyu na yi musu zuwa yanzu. Wanda Hajiya ta amince da shi da wanda aka canza suna nan garau kaman yau aka yanko. Na ukun kuwa ruwan wankin farko sai da ya koma kaman an jiƙa bulu, ya ɗan kwanta, bai lalace ba amma ba zan shiga taro da shi ba. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai zo ta tsaya a kan bahon ta leƙa ta wuce, wanda ya fi zagi ciwo.

In za ku kira ta, ko wata mai irin sana'arta don na ji an ce sun fara yawa a gari, ku ba ta lokaci awa biyu kafin ainihin lokacin da kuke so, ku warware turmi duka a gabanta komai saurinta, kuma ku san farashin kasuwa kafin ta zo. Ga mai jego, da tsofaffi irin su Hajiya, da ma'aikaciyar da ba ta da Asabar ɗin yawo a Terminus, abin ya yi sosai. Ni a goma na ba ta bakwai, na cire na makara da na kuɗin Napep na biyu da na kallon waya. Hajiya tace biyar, wai dillaliyar da ba ta ba da bashi rabin dillaliya ce.

Amma fa duk da biyar ɗin, ranar da ta kawo canjin sai ga Hajiya ta sa jikanta ya jawo mata wani kwali daga ƙarƙashin gado, kwanukan samira ne saiti guda da suka rage tun na hannun Iya, ko sau ɗaya ba a ci abinci a ciki ba. Ta rage murya tace 'yar nan, ki tafi da waɗannan ki nemo min mai saye, ki cire la'adarki, ina so in yi wa wata jikata wani abu. Yarinyar ta ɗaga ɗaya tana juyawa tace kai Mama, waɗannan ai yanzu nemansu ake, bari in ɗauke su hoto a nan inda haske yake in sa a sitatus, kafin magariba an saye. Hajiya tace a ina? Tace a sitatus Mama, mutum sama da ɗari takwas ke kallo. Hajiya ta karɓe kwanon daga hannunta tace duk Jos su ga kwanona a kan tabarmata, gobe a ce Hajiya ta fara sayar da kayan ɗaki? Ta mayar da shi cikin kwalin ta rufe, tace wa yaron tura shi inda ka ɗauko.